GWAR: Yadda Aka Gina Dodannin Richmond da Roba, Soso da Ruwan Kala

Duk wanda zai ba da tarihin GWAR ya fara da lissafa fayafayansu, ya bar jaki yana dukan taiki. Ƙungiyar kiɗan metal ce, wato kiɗan jita mai nauyi da tsananin ƙara, babu musu, da masu jita da mai ganga da mawaƙinta, dukansu kuma cikin shigar dodanni suke hawa dandamali. Sai dai rigunan dodannin sun riga waƙoƙin zuwa duniya, kuma shagon da ake ƙera su ne ya riƙe ƙungiyar fiye da shekara arba'in, har ta kai yau babu ko ɗaya daga cikin makaɗan farko a kan dandamali amma wasa bai tsaya ba.

A shekarar 1984 aka fara, a Richmond, babban birnin jihar Virginia ta Amurka. A unguwar Jackson Ward akwai wata tsohuwar masana'antar madara da ta daina aiki, wadda aka gina kusurwoyinta da siffar manya-manyan kwalaben madara. Ɗaliban zane-zane na jami'ar Virginia Commonwealth da ƙananan makaɗa suka riƙa kama ɗakuna a ciki saboda arha. Ɗaya daga cikinsu, Hunter Jackson, yana shirin fim a kan wasu mugayen mayaƙa daga sararin samaniya, yana ta ƙera musu sulke da takubba da kawuna, Chuck Varga na taya shi. Ɗakin aikin nan suka raɗa wa suna Slave Pit, wato ramin bayi. A cikin ginin kuma wata ƙungiyar kiɗan punk, wani salon kiɗan jita mai sauri da hayaniya, mai suna Death Piggy ke atisaye, jagoranta Dave Brockie, haifaffen Ottawa ta Kanada a 1963 wanda ya tashi a Virginia.

Brockie ya ga kayan Jackson, dabara ta faɗo masa: su ari rigunan, su fito a matsayin wata ƙungiyar kiɗa ta bogi ta mugayen mayaƙa, su buɗe wa kansu fili kafin Death Piggy ta hau. Sunan da suka ba ƙungiyar bogin wani dogon gurnani ne da ba ya rubutuwa, daga baya aka datse shi ya koma haruffa huɗu. Ba a jima ba suka lura mutane na zuwa su kalli dodanni, da an gama su kama gabansu, su bar Death Piggy da kujeru. Wasa ya cinye gaske. Fim ɗin Jackson bai taɓa kammaluwa ba, amma sunansa, Scumdogs of the Universe, shi ne ya zama sunan faifansu na 1990.

Tun daga nan aka shuka rigimar da ta bi su shekaru. Jackson na ganin duniyar nan shi ya ƙirƙire ta da hannunsa, jama'a kuwa Brockie suka sani, tunda shi ke riƙe da makirfo, shi 'yan jarida ke nema. Jackson ya bar ƙungiyar wajajen 2000, kuma fim ɗin tarihinsu da ya fito a 2021, This Is GWAR, bai ɓoye wannan tsamin ba. A ganina duk su biyun suna da gaskiya, kuma ba don sun haɗu ba da babu wanda zai ji labarin ko ɗayansu.

Tatsuniyar da suka gina wa kansu ba ta da wuyar riƙewa. Mayaƙa ne na wani ubangida a sararin samaniya, suka yi laifi aka koro su duniyar nan, mafi ƙasƙancin duniyoyi a wurinsu. Suka daskare a ƙanƙarar Antaktika, har sai da man feshin gashi na mawaƙan shekarun 1980 ya huda sararin sama ƙanƙarar ta narke, wani ɗan damfara mai suna Sleazy P. Martini ya tsince su ya miƙa musu jita ya zama manajansu. Don Drakulich ne ke cikin wannan rigar, shi ma ɗan shagon ƙira ne. Brockie ya zama Oderus Urungus, mai ƙahoni da fuska kamar ɗanyen nama. Balsac mai jita, kansa gaba ɗaya tarkon ƙarfe ne mai haƙora, ƙafafunsa kofato. Beefcake mai jitar bes yana sanye da kwalkwali irin na sojan Rum. Jizmak mai ganga kan kare gare shi. Flattus Maximus, ɗaya mai jitar, ja-wur yake, da kawunan dabbobin zamanin da a kafaɗunsa. Sai Slymenstra, wadda Danielle Stampe ta riƙe shekaru tana rawa da wuta tana fesa ta da baki. Gefe guda kuma akwai "bayi", masu ɗan bante da ke kai-komo a dandamali suna jan tiyo, suna shiga rigunan waɗanda za a yanka. Wanda bai sani ba zai ɗauka 'yan ɗaukar kaya ne. Su ne masu sassaƙa da fentin duk abin da ido ke gani, irin su Bob Gorman da Matt Maguire, kuma kamfanin da ya mallaki ƙungiyar sunan shagonsu yake ɗauke da shi.

A faɗi gaskiya tun da wuri: wasan GWAR cike yake da batsa da ashar da zubar da jinin ƙarya, kuma da gangan suke yi. Ba kowa zai iya kallo ba. Abin da ya sa masu sana'ar ƙira ke nazarinsu daban ne, shi ne yadda 'yan tsirarun mutane ba tare da kuɗin manyan kamfanonin fim ba suka riƙa fitar da sabon wasa kusan kowane rangadi.

Yadda ake fitar da fuskar dodo

Kayan GWAR galibi roba ce mai kumfa, da soso, da roba mai tauri. Hanyoyin da ke tafe su ne waɗanda duk mai wannan sana'a ke bi.

Fuskar da za ta zauna daram, daga kan mai ita ake ɗaukar ta. Ana rufe gashinsa da hular roba, a shafa ɗan basilin a gira da gashin ido, sannan a kwaɓa aljinet, garin nan da likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi, a lulluɓe fuskar a bar ƙofofin hanci a buɗe. Cikin 'yan mintoci ya kama. Ruwan sanyi na jinkirta shi, ruwan ɗumi na gaggauta shi, don haka wanda ya kwaɓa da ruwan ɗumi zai iske ya daskare a kwano kafin ya kai kunne. Aljinet laushi gare shi, ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an ɗora masa bandejin filasta hawa uku ko huɗu. Ba a zuba filasta kai tsaye a fata, saboda tana ɗaukar zafi lokacin da take kamawa, tana kuma riƙe gashi. Da an cire, nan take ake cika ciki da filasta mai ƙarfi. Aljinet na fara tsukewa da zarar ya fara bushewa, wanda ya ce sai gobe zai samu kai ƙarami, fuskar da aka gina a kansa kuwa ta matse mai ita.

A kan wannan kan filasta ake sassaƙa dodon da yumɓun mai, wanda ba ya bushewa ko ya yi wata. Nan ne ƙirar makaɗi ta bambanta da ta fim. Ɗan fim zai sa fuska na 'yan mintoci a ɗauka a huta. Makaɗi sai ya yi sa'a ɗaya da rabi yana aiki a cikinta. Mawaƙi na bukatar haɓarsa ta motsa, leɓensa ya kai ga makirfo, in ba haka ba muryar ta toshe kamar mai magana a cikin tulu. Mai jita na bukatar ya kalli ƙasa ya ga yatsunsa, saboda haka ramin ido sai an saukar da shi an faɗaɗa ta ƙasa, a ɓoye faɗin da baƙin fenti a fatar da ke kewaye da idon. Mai ganga shi ne ya fi kowa zufa, kafaɗunsa kuma dole su saki. Wannan ne dalilin da ya sa rigunan GWAR, duk girmansu, suke barin ciki da cinya da hannuwa a waje, a cike sauran da fenti. Ba tsiraici kawai ake nufi ba, hanyar shan iska ce.

In an gama sassaƙa sai mazubi. Ana kafa katangar yumɓu ta bi ta saman kai da bayan kunnuwa ta raba kan gida biyu, a danna 'yan ramuka a jikinta domin ɓangarorin biyu su riƙa komawa mazauninsu ba kuskure. A zuba filasta a gaba, a ƙarfafa ta da tsummokin buhu, ta kama, a cire katangar, a shafa abin da zai hana mannewa, a zuba baya. Babbar musibar wannan mataki ita ce lungu: duk inda sassaƙar ta lanƙwasa ta koma ciki, kamar ƙarƙashin ƙaho ko bayan haƙori, filasta na shiga ta kulle. In abu mai tauri ya kulle da mai tauri, sai dai a fasa ɗaya. Shi ya sa ake yanke ƙahoni da haƙora a yi musu nasu mazubin daban, daga baya a manna.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai sauƙin ita ce a cika mazubin filasta da ruwan roba, a bar shi kamar sa'a guda, a juye sauran. Filasta na tsotse ruwan da ke jikin robar, sai fata mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ta kwanta a bango. A bar ta ta kwana ta bushe, a barbaɗa hoda kafin a ɓare, domin ɗanyar roba in ta taɓa 'yar'uwarta ta manne ke nan. Wanda ya shafe cikin mazubinsa da wani abu mai toshe ƙofofin filasta ya kashe aikin, robar ba za ta kwanta ba. Irin wannan fuska tana da juriya, tana jure duka da jifa, amma ba ta bin motsin fuskar mutum, kuma zufa na taruwa a cikinta.

Ɗaya hanyar, roba mai kumfa, ita ce mai laushi da rashin nauyi, ita ce kuma mai saurin ɓata rai. Abu huɗu ake haɗawa, kuma da sikeli ake auna su, ba da ido ba. Awon da aka saba shi ne giram 150 na ruwan robar, giram 30 na maganin kumfa, giram 15 na maganin nuna mai ɗauke da farar wuta, sai wajen giram 14 na maganin daskarewa. Ukun farko ake fara bugawa a injin kwaɓa kek da gudu har su kumbura su ninka, sannan a rage gudu na wasu mintoci domin manyan kumfa su farfashe, amoniyar da ke ciki kuma ta ragu. Daga ƙarshe a zuba maganin daskarewa, daga nan kuma agogo ya fara: 'yan mintoci ne za a cika mazubi a rufe. A ɗaki mai zafi ko in an bar amoniya ta fita da yawa, kumfar na daskarewa tun a kwano. A ɗaki mai sanyi kuwa ta ƙi kamawa, ta sace ta koma ruwa. Masu aikin na son ɗaki ya tsaya wajen digiri 20 zuwa 22, kuma kowane zubi sai sun rubuta zafin ɗaki da tsawon bugu a littafi, don gobe su san abin da za su sauya. In ta kama sai a gasa a obin mai zafin digiri 85 na sa'a uku zuwa huɗu. Obin ɗin da aka gasa roba a ciki ba a ƙara sa masa abinci. In mazubin da sauran danshi, tururi na taruwa ya ɗaga fatar robar ya bar tabo. In ba ta nuna ba, ka danna yatsa ramin ya zauna. In ta wuce kuma ta yi duhu ta riƙa ɓarɓashi.

Manyan sassa, kafaɗu da ƙirji da ƙafafun kofato, ba a cika ɓata musu lokaci da wannan ba. Soson kujera ake yankawa da wuƙar lantarki, a haɗa da gam mai kama nan take, a shafe da ruwan roba hawa-hawa ana sa siririn yadi a tsakani don kada ya yage. Inda ake son tauri, kamar kwalkwali ko muƙamuƙin tarko, a yi da faiba. Fenti ma da nasa sharaɗin. Fentin akirilik shi kaɗai fashewa yake yi da zarar roba ta miƙe, sai an gauraya shi da ruwan roba ko da gam ɗin fata, rabi da rabi. Fentin mai da basilin kuwa cinye roba suke yi, haka hasken rana, haka maɓallin tagulla in ya daɗe yana taɓa ta.

Jinin da ba jini ba

Abin da ya fi fitar da sunan GWAR shi ne feshi. Duk wanda ya tsaya a sahun gaba zai koma gida ja da kore da shuɗi, shi ya sa masoyansu ke zuwa da fararen riguna, su ajiye su bayan wasa a matsayin shaida. Jinin ruwa ne da garin kalar abinci. Inda ake son kauri, sai a sa karaginan, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda masu askirim ma ke amfani da shi. Ba sa amfani da jinin fim da ake haɗawa da ruwan sukari, kuma dalilin a fili yake: yana bushewa ya yi tauri ya lalata riguna, ya toshe tiyo, ya manne a igiyar jita. Ruwan kala kuwa wanki ɗaya ko biyu ya fita, ko da yake fata kan kwana da shi.

Ruwan na cikin tankuna ne a bayan dandamali, injin iska na matsa su, tiyo ya bi ƙasa ya shiga rigar wanda za a yanka ta ƙafa ko ta baya ya hau har wuya. Kan mutumin na gaskiya yana cikin ƙirjin gunkin, yana leƙe ta wani yadi mai raga, kan da jama'a ke gani kuwa ɗora shi kawai aka yi. Takobi na sauka, kan ya faɗi, wani bawa ya buɗe bawul. Dukan sirrin a daidaita lokaci yake. In bawul ya riga takobi, jini ya fito ta ƙarƙashin kan da bai faɗi ba. In ya makara, gunki ya tsaya ba kai ba jini, jama'a su fashe da dariya a inda ba a so. Ta irin wannan hanya suka yanka gunkin kowane shugaban Amurka tun daga Ronald Reagan, ba ruwansu da jam'iyya, haɗe da 'yan fim da mawaƙa da duk wanda sunansa ke tashe a shekarar. Wannan kaɗai na nufin kowane rangadi sai an sassaƙa sababbin kawuna. Ga kuma manyan kaya irin su Gor-Gor, ƙaton ƙadangaren zamanin da, da wata ƙatuwar tsutsa da ke haɗiye 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya.

Matsalolin feshi sanannu ne. Garin kala da bai narke sosai ba na taruwa a bawul. Karaginan sai da ruwan zafi yake narkewa, kuma yana ƙara kauri in ya huce, saboda haka abin da ya yi daidai a tukunya zai iya ƙin bin tiyo da dare. In ya kwana biyu a tanki ya lalace ya yi wari. Tiyo in ya yi tsawo ƙarfin feshi ya ragu, in ya lanƙwashe a cikin riga ya tsaya cik. Ruwa da lantarki kuma ba sa ga maciji, don haka kafin wasa ake naɗe lasifikoki da na'urori da leda, masu gadin sahun gaba su sa rigunan ruwa. Dandamali na zama santsi, mutum kuma yana tafe a kan dogayen takalma yana gani ta ɗan rami.

Bayan wasa wata wahalar ke farawa. Soso na shan ruwa da zufa ya ƙara nauyi, a cusa shi a akwati a loda a mota, gobe a wani gari a fito da shi da danshinsa a sake sawa. 'Yan ƙungiyar da kansu sun sha ba da labarin warin. Abin da ake iya yi shi ne a rataye a gaban fanka, a fesa sifirit don kashe ƙwayoyin cuta, a bi yagewa da gam da ruwan roba kafin ta faɗaɗa. Hammata da gwiwa da wuya su ne ke fara mutuwa. Duk wannan kuɗi ne da mutane da mota, shi ya sa sunan GWAR ya fi aljihunsu girma nesa ba kusa ba. Da yawansu sun riƙa yin wasu ayyuka tsakanin rangadi da rangadi.

Kotu, talabijin da shekarun tangal-tangal

Faifansu na farko, Hell-O, ya fito a 1988 a ƙaramin kamfanin Shimmy Disc, kuma ya fi kusa da punk. Mike Derks ya shiga rigar Balsac a 1988, Brad Roberts ya hau ganga a 1989, su biyun ne suka fi kowa daɗewa a cikin makaɗan. Da faifan 1990 a kamfanin Metal Blade kiɗan ya koma metal sosai, kuma har yau shi masoya ke sawa a gaba.

A shekarar 1990 ɗin ce 'yan sanda suka kama Brockie bayan wasa a Charlotte ta jihar Carolina ta Arewa, bisa tuhumar nuna batsa, suka ƙwace wani sashe na rigarsa. Da yake ɗan Kanada ne, abin ya zo da barazanar kora daga ƙasar. Aka sasanta, aka hana ƙungiyar wasa a jihar na shekara guda. Fushin wannan shari'a ne ya haifi faifan America Must Be Destroyed na 1992 da dogon bidiyon da ya biyo shi, wanda, abin mamaki, ya shiga takarar kyautar Grammy a 1993. Mawaƙiya Annie Lennox ce ta ɗauka. Sun sake shiga takara a 1996 a rukunin metal, ƙungiyar Nine Inch Nails ta ci. A 1994 kamfanin Warner Bros., mai rarraba fayafayan Metal Blade a lokacin, ya nemi a cire wata waƙa daga sabon faifansu, suka ƙi, aka rabu. Wata ƙofa ce babba suka rufe wa kansu da hannunsu. Shekara guda kafin nan 'yan fashin mota suka harbi mai jitarsu Pete Lee a Washington, ya rayu, ya ma koma wasa na wasu shekaru.

Talabijin ce ta kai su gidajen da ba a jin metal. Sun zauna a shirin hira na Joan Rivers a 1990, da na Jerry Springer a 1997, kuma shirin zanen Beavis and Butt-Head na MTV ya mai da su gwanayen 'yan samarin cikinsa. A irin waɗannan wurare baiwar Brockie ke fitowa. Ba ya fita daga dodonsa ko na daƙiƙa, amma amsoshinsa sun fi na mai tambayar kaifi. Har tashar Fox News ta riƙa gayyatarsa wani shirin tsakar dare a matsayin wakilinta na sararin samaniya.

Ƙarshen shekarun 1990 kuwa kiɗan ya watse. Suka shiga gwada kowane salo, barkwanci ya rinjayi jita, kuma faifan 1999 su kansu ba sa alfahari da shi. Gyaran ya fara ne a 2001 da Violence Has Arrived, inda suka koma metal mai sauri da nauyi, ya kuma ƙarfafa da zuwan Cory Smoot a 2002, ƙwararren mai jita da ya iya aikin situdiyo. Faifan 2009, Lust in Space, ya shiga jerin fayafayai 200 mafi kasuwa a Amurka na mujallar Billboard a lamba 96.

Wa ke gadon riga?

Kafin 2011 ƙa'idar a sauƙaƙe take: dodo na zama, mutum na wucewa. Rigar Beefcake ta bi ta hannun Michael Bishop da Casey Orr da Todd Evans da Jamison Land. Ta Flattus ma mutane da dama sun sa ta kafin Smoot. In sabon mutum ya zo, sai a ɗauki siffar kansa, a gyara kafaɗu su dace da jikinsa, a ci gaba. Ƙungiyar kiɗa ta KISS ma haka ta yi da ta ɗora wa sababbin makaɗa fentin fuskar tsofaffi, masoyanta kuma suka daɗe suna gardama a kai.

Ranar 3 ga Nuwamba 2011 aka iske Smoot ya rasu a motar rangadi, bayan wasa a Minneapolis, suna shirin tsallaka iyaka zuwa Kanada. Toshewar jijiyar zuciya ce, yana da shekara 34. Suka ƙarasa rangadin su huɗu, suka kuma yanke cewa babu wanda zai sake sa rigar Flattus. A 2012 Brent Purgason ya shigo da sabon dodo, Pustulus Maximus, wanda tatsuniyar ta ce ɗan'uwan Flattus ne.

Ranar 23 ga Maris 2014 aka iske Brockie ya rasu a gidansa a Richmond yana da shekara 50, binciken likita ya nuna muguwar ƙwayar nan heroin ce ta yi masa yawa. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarshen ke nan, kuma ba su yi wauta ba, domin murya da harshe da rabin barkwancin ƙungiyar nasa ne. A watan Agusta na shekarar, a tafkin Hadad da ke wajen Richmond inda suke bikinsu na gashin nama, aka ɗora rigar Oderus a kan jirgin ruwa irin na mayaƙan Viking aka cinna mata wuta a gaban dubban masoya. Ban da juyayi, ƙonawar ta yanke wata magana: babu mai cewa a nemo wani ya shiga rigar.

Wanda ya karɓi makirfo shi ne Michael Bishop, Beefcake na farko, wanda a tsakani ya je ya yi digirin digirgir a fannin kiɗa a jami'ar Virginia. Shagon ya gina masa dodo sabo fil, Blöthar, mai ƙahonin barewa, jiki daban da murya daban, kuma bai yi ƙoƙarin kwaikwayon Brockie ba. Wannan shawara ce mai kyau, don kwaikwayo da bai kai ba ya fi rashi ciwo. Wajen shigowar 2015 suka buɗe gidan abinci mai suna GWARbar a Jackson Ward, Derks na cikin masu tafiyar da shi. Faifan farko ba Brockie, The Blood of Gods, ya fito a 2017, The New Dark Ages ya biyo baya a 2022. Da Purgason ya tafi a 2023 ma ba a ba wani rigarsa ba. An sassaƙa wani sabon ɗan gidan Maximus mai suna Grodius, Tommy Meehan ya shiga ciki a 2024.